Lambar Da Ba A Rabawa Da Ita

A ɗakin taron sashen lissafi Dogo ya fara ganinta, tsaye gaban allo, alli duk ya ɓata mata hannun riga. Ɗalibar digiri na biyu ce. Tana bayani kan wata lamba wadda ba sifili ba ce, amma in an ninka ta da kanta sai ta ba da sifili.

Dogo, wanda ke gaba da ita a karatu, ya ɗaga hannu.

"Malama, wannan lissafi ne ko tatsuniya? Yaya za a raba wani adadi da ita?"

"Ba a rabawa da ita. Dokarta ke nan."

"Dokar wa? Taki?"

"To waccan da kuke taƙama da ita, wadda in an ninka ta da kanta take ba da ɗaya ƙasa da sifili, a kasuwa kuka sayo ta? Yarda kawai aka yi da ita."

Aka kwashe da dariya. Ransa ya ɓaci, ya ce aikin nata ɓarnar takarda ne. Maganar ta shiga kunnen malamai, aka ɗage mata kammala karatu zuwa baɗi. Ta fita idonta jawur.

Ya karɓo aikin don ya tono kuskuren da zai wanke kansa. Bai samu ba. Da kunya ta ishe shi, ya tura mata saƙo ta waya:

"Na nemi kuskure ban gani ba. Amma har yanzu ba na son lambar nan taki."

"Ita ma ba ta son ka. Wa ma ya ba ka lambata?"

Da ƙafarsa ya je gaban malamai ya janye maganarsa, amma shekarar ta riga ta tafi. Kullum sai sun yi cacar baki a ɗakin karatu. Tana ce masa Sarkin Gardama, yana ce mata Gimbiyar Sifili. Ran da bai zo ba, sai ta rubuto: "Ka gudu ne, ko ba ka da lafiya?" Ya yi ta maimaita karantawa yana murmushi.

Da ya je gaida mahaifinta don neman aurenta, ko wurin zama ba a nuna masa ba.

"Kai ne ka ja wa 'yata asarar shekara? Akwai mai shagon magani da ke nemanta, yaro mai ladabi. Tashi ka ba ni wuri."

Dogo ya durƙusa. Sai muryarta daga bayan labule:

"Baba, mai ladabin nan komai na ce sai ya ce haka ne. Wannan kuwa ka bar min shi, ban gama da shi ba."

Sai da ta karɓi sakamakonta tsohon ya sauko. Ranar ɗaurin aure ya dafa kan Dogo ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Zaman lafiya kuma, to, Allah ya ba maƙwabtanku haƙuri."