Takardar Albashin Hosea

"Angelina, taso! Taso mana, ke ake jira!"

Mama ce ta fizgo hannuna. Kafin in buɗe baki matan zumunta sun kewaye ni da ankonsu, suna buga tulu da caki, suna tura ni gaban ikkilisiya.

Haka muke yi a cocinmu na Thamesmead, a London. Wanda Allah ya yi wa alheri a rako shi gaba da waƙa, ya ba da shaida. Na roƙi Mama tun a bas kada ta faɗa wa Fasto, ta ce abin Allah ba a ɓoye shi.

Ita ta karɓi makirufo.

"Jama'ar Allah, 'yata ta ciwo wa kamfaninsu Saltway kwangila! Jirage shida, shekara biyar! Har an yi mata promotion!"

"Halleluya!"

Kowa na tafi. Mutum ɗaya ne bai tafa ba.

Hosea. Wanda saura mako uku danginsa su kawo gaisuwar aurena.

Yana zaune a layi na huɗu, idonsa a kaina, kamar yau ya fara ganina. Na ji ƙafafuna sun daina bin kiɗan...

Babban kamfanin jirage ba ya son wahalar gajerun tafiye-tafiye, irin London zuwa Jersey ko Dundee. Sai ya ba ƙananan kamfanoni kwangila su kwashi fasinjojinsa. Wanda ya fi arha shi ke ci. Kuɗin mai ba ya raguwa, kuɗin gyaran inji ba ya raguwa. Abin da ake yanka kullum shi ne albashin mutanen da ke tuƙin!

Shekara takwas kamfanin Fenmoor ke riƙe da wannan kwangila, kuma a can Hosea yake mataimakin matuƙi. Ni kuwa ina ofishin Saltway a Aldwych, sashen da ke tsara tayin kwangila.

Wata biyu kafin wannan Lahadin muna zaune a wani gidan abinci a Deptford, Mama ta kira ni. Babban otal take so a yi biki, tunda surukinta pilot ne. Da na ajiye waya sai na ga Hosea ya ture faranti.

Ya ciro wata takarda daga aljihu.

"Anji, duba. Ba wanda ya taɓa ganin wannan, ko Baba Mordecai da ya riƙe ni."

Takardar albashinsa ce. Na karanta sau biyu, don ban yarda da idona ba.

"Kowa yana ganin hula da igiyar kafaɗa," ya ce, kansa a ƙasa. "Ba na so ki aure ni a kan ƙarya. Amma baɗi zan zama kyaftin, ni ne na biyu a layi. Ki yi haƙuri da ni shekara ɗaya, zuciyata."

Na riƙe hannunsa. "Ko keke kake tuƙawa, kai nake so."

Da gaske nake a ranar. Allah ne shaida.

Ranar Litinin shugabanmu Kingsley ya buga tebur a wurin meeting.

"Da mun san abin da Fenmoor ke biyan matuƙansu, sai mu sauka ƙasa da su kaɗan, shi ke nan mun ci."

Shekara uku ina wannan ɗakin ba wanda ya taɓa tambayata ra'ayi. Sai na ji bakina ya buɗe. Na faɗi albashin, na faɗi kuɗin awa, har da ɗan abin da ake ba su in sun kwana a wani gari.

Ba wanda ya tilasta ni.

Na gaya wa kaina ai Saltway za ta ɗauki su Hosea. Ta kuwa ɗauke su! Ranar Juma'ar da ta gabaci wannan Lahadin aka aika musu wasiƙa: albashi ƙasa da na da, kuma kowa ya koma ƙarshen layi kamar sabon shiga. Kyaftin ɗin baɗi ya tafi.

Ana tashi daga sujada na nufi ƙofa da sauri, amma Tina ta riga ni. Ma'aikaciyar cikin jirgi ce a Fenmoor, kuma tun kafin ni take kai wa Hosea abinci ba ya karɓa. Tana tsaye gefen Baba Mordecai, tana magana yadda kowa zai ji.

"Baba, har kuɗin kwananmu sun sani, ba su yi kuskuren kwabo ba. Tun Juma'a muke tambaya wa ya sayar da mu. Ashe za a rako mana ita da kiɗa!"

"Tina, ya isa," in ji Hosea. Ya juyo gare ni. "Anji... ce mini ba ke ba ce. Zan yarda."

Wallahi zai yarda. Abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Ni ce."

Mama ta dafe ƙirji. "Ke ce me? Angelina, ke ce me?"

Baba Mordecai ya gyara hularsa a hankali. "Maman Angelina, ku riƙe 'yarku. Ba za mu kawo gaisuwa gidan da ake kai sirrin miji kasuwa tun ba a ɗaura ba."

Hosea bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ke kaɗai na nuna wa." Ya wuce tashar bas.

Kwana uku ina kiransa ba ya ɗauka. Ranar Alhamis na shiga ofishin Kingsley ban ƙwanƙwasa ba.

"Yallabai, lambobin nan daga takardar albashin wanda zan aura na ɗauko su. Ba mu da ikon amfani da su."

Ya yi dariya. "Kowa haka yake yi, Angelina. Ki je ki ji daɗin sabon ofishinki."

"Kowa! Shi ya sa mutumin da ya ɗauko rai saba'in a sama yake tunanin kuɗin hayar flat! Bana mun yanke su, baɗi wani ya yanke namu, mu kuma muna nan muna tafi. Sai yaushe?"

"Ki yi hankali da aikinki."

"Na riga na tura wa babban kamfanin wasiƙa. Da sunana a ƙasa."

Kafin la'asar mai gadi ya rako ni waje da kwalin kayana a hannu.

Lahadi ta zagayo. Fasto ya tambaya ko akwai mai shaida. Na miƙe. Matan zumunta suka kalli juna, ba wadda ta taɓa tulu. Ni kaɗai na taka zuwa gaba, ina jin ƙarar takalmina.

"Na zo in janye shaidar makon jiya," na ce. "Ba alherin Allah ba ne, amanar wani na ci. An kore ni daga aiki. An dakatar da kwangilar, za a sake tayi, ban san wa zai ci ba. Wataƙila ban gyara komai ba. Amma kun yi mini rawa ba wanda ya tambayi abincin wa aka rage, ni ma na yi shiru. Ku yafe mini..."

Mama ta rufe fuska da mayafinta.

Sai na ji kujera ta motsa a layi na huɗu.

Hosea ya tako har inda nake, ya karɓi makirufo daga hannuna.

"Ni ma ina da tawa," ya ce. "Shekara huɗu kuna kirana babban pilot ina amsawa. Da na faɗi gaskiya tun farko, da ba ta zama sirrin da za a sayar ba."

Ya ciro takardar nan, ya karanta albashinsa da ƙarfi.

Baba Mordecai ya miƙe tsaye. "Kai! A wata ko a mako?"

"A wata, Baba."

"To ai ni da nake tuƙa bas na fi ka! Shi ne kake barina ina cika baki a gari?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Tina ta ɗauki jakarta ta fice.

Hosea ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Har yanzu ina jin zafi, Anji. Ba zai wuce yau ba."

"Na sani, masoyina. Zan jira."

"Ba ki da aiki, ni ba ni da tabbas."

"Na sani."

Ya naɗe takardar, ya buɗe tafin hannuna ya ɗora ta a ciki, ya rufe da nasa.

"Riƙe mini. Karo na biyu ke nan."

Na kasa ɗago kai, hawaye na ɗiga a kan hannayenmu. Daga bayan coci na ji Baba Mordecai yana cewa, "Maman Angelina, zancen otal kam babu shi. A wannan zauren za a yi."

Mama ta share ido, ta miƙa hannu ta jawo tulu.