Tsingaro da Gawayi

Ranar da aka kori Sara daga gidan mijinta a Maikunkele, babu wanda ya ce a bari. Tsohuwa ce da ta haura sittin. Ta binne mijinta Irimiya, ta binne ɗanta tilo, ba ta da kowa a duniya sai jikarta Larai da uwar yarinyar, Christiana. Ga ta durƙushe a tsakar gida, jama'a sun kewaye ta, ƙanin mijinta Ɗanladi yana tsaye a kanta riƙe da ƙwarya cike da tsingaron tukunya, kowane tsingaro da rubutun gawayi a jikinsa.

"Ku ga abin da na tono a ƙarƙashin gadonta," in ji Ɗanladi. Ya shiga ɗagawa yana karantawa, don duk gidan shi kaɗai ne ya yi makarantar boko. "Wannan Larai. Wannan Helen, 'yata. Duk yaron da ta rubuta yana kwance yana amai, mu manya cikinmu na murɗawa, ita kuwa ko ciwon kai. Matar Yaya, faɗa wa mutane, me kike yi da sunayen 'ya'yanmu?"

"Karatu nake koya," in ji Sara. "Malama ce ta ce kowa ya fara da sunan wanda yake ƙauna. Ba ni da allo, shi ya sa na tsinci tsingaro..."

Aka yi mata dariyar mugunta. Wata ta ce da furfura wa ke koyon karatu in ba mayya ba.

Gaskiya Sara ta faɗa. A shekarun nan na mulkin soja an buɗe ajin yaƙi da jahilci a makarantar firamaren garin, tsofaffi na zuwa da la'asar bayan yara sun tashi. Abin da ya kai ta abu ɗaya ne: an rubuta sunan Irimiya a kan kabarinsa, ita kuwa ta zauna da shi shekara da shekaru amma ba ta iya gane sunan ba. Ta ɓoye tsingarayenta ne don Ɗanladi ya sha yi mata ba'a. Rashin ciwonta ma ba asiri ba ne. Tun da Irimiya ya rasu Ɗanladi ya sa ido a kan gonar doyar marigayin, ya yanke wa Sara rabonta na hatsi don ta gaji ta tafi. Busasshen rogo take jiƙawa ta ci, ba ta taɓa tuwon gidan. Kowa ya san haka, amma ran nan kowa ya manta.

Ta juya wajen surukarta. "Christiana, ke ma? Ni da na goyi Larai a bayana?"

Christiana ta rungume yarinyar da ta langaɓe mata a kafaɗa, tana kuka. "Mama, ki sake min 'yata. Ita kaɗai ta rage min. Ki sake ta, don Allah."

Wannan maganar ta fi duka zafi. Ɗanladi ya shiga ɗakin ajiyarsa, inda yake tsare kayan ƙungiyar manoma, ya fito da wani buhu da aka juya cikinsa waje, ya tusa zannuwanta ya jefa mata. Ta saɓa buhun a kafaɗa yadda ta saba saɓa itace, ta fita. A bakin hanya ta ga 'yan ajinsu, har da Baba Kolo, tsohon leburan reluwe da suke zama benci ɗaya, duk sun sunkuyar da kai. Ta ɗaga ido sama ta ce, "Ya Ubangiji, ba ni nake roƙa wa ba. Ka bar min yarinyar nan da rai."

Malama Halimatu, mai koyar da ajin, ita ta tsince ta a tasha. Ta je ta yi wa Ɗanladi bayani, ya ce baƙuwa ba ta shiga maganar gida. Sai ta ɗauki tsohuwar ta kai ta gidanta a Sabon Gari, cikin Minna, ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakin mahaifiyarta.

"Malama, na daina," in ji Sara. "Karatun nan ne ya raba ni da gidana."

"Iya, karatu bai kore ki ba, mutum ne ya kore ki. Kin tsaya a ina? A baƙin 'ga' muka tsaya. Ɗauki alli."

Ta ɗauka tana hawaye. Haka aka yi ta tafiya, kullum da safe kafin Malama ta fita aiki sai ta bar mata baƙi ɗaya. Labarin da ke zuwa daga Maikunkele kuwa ba daɗi. An ce 'ya'yan Ɗanladi sun warke tun da ta bar gidan, har yana yawo yana cewa ga shaida. Larai kaɗai ce jikinta ke ƙara tsanani, ta rame, ba ta iya tsayuwa. An ce mayyar ta riƙe kurwar jikarta ta tafi da ita. Sara ta ji wannan ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba.

Wata safiya, Malama ta fita, Sara ta ce bari ta wanke buhun nan ta riƙa zama a kai. Ta zazzage zannuwan, ta juya buhun ya koma daidai. Sai ga jan rubutu manya-manya, na sama da Turanci, na ƙasa da Hausa. Da a bara ne, da ta tsoma shi a ruwa ba ta ko duba ba. Yanzu kuwa idonta ba ya wuce baƙi bai gaishe shi ba. Ta ɗora yatsa. Ga 'i' na sunan Irimiya. Ga 'ra' na sunan Larai. Ta bi a hankali, leɓenta na motsi: "I-rin shu-ka ne. Ka-da a ci." Ta kai kalmar ƙarshe, ga 'ga' ɗin da ta koya da hawaye. "A-kwai gu-ba."

Ta sake karantawa. Sai ta tuna masarar da Ɗanladi ya riƙa aunar wa matan gida da damina, ta tuna yadda ruwan wankinta ke fita ja-ja yana cewa sabon iri ne na gwamnati, haka launinsa yake. Ba ta jira Malama ba. Ta naɗe buhun, ta saɓa, ta tari akori-kurar masu itace da ke komawa Maikunkele.

Ta tarar da Christiana a murhu tana talge. Sara ba ta yi sallama ba. Ta sa ƙafa ta ture tukunyar, talgen ya malale a ƙasa.

"Mama! Me na yi miki kuma?"

"Kada ki ƙara ba ta ko loma. Wa ya ba ki garin nan?"

"Baba Ɗanladi. Ya ce su sun koma cin dawa, mu mu ƙarasa masarar..."

Ihu ya tara jama'a. Aka zo da sanduna, aka ja tsohuwar har gaban mai unguwa, Ɗanladi na gaba yana kumfar baki. Sara ba ta durƙusa ba wannan karon. Ta shimfiɗa buhun a ƙasa, ta taka gefensa.

"Ranka ya daɗe, a buhun nan ƙanin mijina ya zuba min kayana. Daga ɗakin ajiyarsa ya fito, kowa ya gani. Zan karanta abin da ke jiki." Ta sa yatsa, ta karanta da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, har ƙarshe.

Ɗanladi ya yi dariyar yaƙe. "Ranka ya daɗe, tsohuwar da ba ta san hagu da dama ba? Ƙirƙira take yi. Abin da aka rubuta shi ne, masara mai kyau. Ni na yi makaranta, ni zan faɗa."

Mai unguwa bai iya boko ba. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Sai aka ji ƙarar sanda, Baba Kolo ya keto taron yana ɗingishi.

"Ran da aka kore ta na yi shiru," in ji shi. "Yau ba zan yi ba. Ku matsa, idona ba na yaro ba ne." Ya sunkuya har hancinsa na kusan taɓa buhun. "Ka-da... a... ci. Ɗanladi, ina 'mai kyau' ɗin a nan? Ko tabarau ɗinka ya fi nawa?"

Bayansa wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta fito, ta karanta. Wata mai gina tukwane ta biyo ta. Haka 'yan ajin suka jeru, masu furfura da masu giɓi, Kirista da Musulmi, kowa ya sunkuya ya ɗago da kalma ɗaya a bakinsa: guba. Tsofaffin da aka ce sun je ɗumama benci ne, ran nan su suka yanke shari'a.

Mai unguwa ya sa aka fasa ɗakin ajiyar. Ga buhuna a jibge, duk an juya cikinsu waje. Irin shuka ne da aka aiko a raba wa manoma, an cuɗa shi da maganin ƙwari. Ɗanladi ya danne yana ciyar da gidan da shi, ya ce a ransa wanki zai fitar da maganin. Da yara suka kwanta ya gane, ya janye nasa 'ya'yan daga tuwon, ya bar marainiya tana ci, ya ɗora wa tsohuwa laifi don ya haɗa da gona. Ya zube yana roƙo, yana kiran matar Yaya. Sara ba ta ko dube shi ba. Ta koma gida ta goya Larai a baya, ta nufi bakin titi.

A asibiti aka ƙara wa yarinyar ruwa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Da Larai ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Kaka, ina kika je?" Sara ta kifa kai a gefen gadon ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Ɗanladi kuwa 'yan sanda suka tafi da shi, alƙali ya ɗaure shi. Aka mayar wa Sara ɗakinta da gonar mijinta, mai unguwa ya tara gari ya wanke ta da bakinsa.

Bayan girbi ajin ya cika har benci ya kasa, wasu suka riƙa zuwa da kujerun tsugunno. Matar da ta fara kiran Sara mayya tana layin gaba. Malama Halimatu ta ce ita kaɗai ba za ta iya ba, ta ware sababbin shiga ta ba Sara su a gindin mangwaro.

Wata Lahadi bayan sujada Sara ta kama hannun Larai suka je maƙabarta. Ba ta tambayi kowa ba. Ta bi kaburburan tana karantawa har ta tsaya a gaban nasa, ta shafa baƙaƙen da yatsa. "Irimiya," in ji ta. "Ga ka nan. Na gane ka."

Da suka dawo, Christiana na durƙushe a ƙofar ɗakinta, idonta ya kumbura. "Mama, ban san da bakin da zan roƙe ki ba."

Sara ta shiga ɗaki, ta fito da tsingaro da guntun gawayi, ta ɗora mata a tafin hannu.

"Share hawayenki, zauna nan. Da sunan 'yarki za mu fara."