Sunan Ɗiyar Fari

"Ka ce in yi haƙuri, na yi. Mi kuma kake so?" Zulaiha ta faɗa tana cusa kayanta cikin jaka. Gobe za ta koma gidan iyayenta a garin Badaguishiri.

Wata biyu ke nan da rasuwar 'yarmu ta fari. Ranar jana'iza Zulaiha ba ta yi kuka ba, mata suka yi ta yabon kunyarta. Ni kuwa na ɗauka ta daure, har na ce mata muna da ƙuruciya, Allah zai ba mu wata.

Na fice zuwa shagona na gyaran salula a Ƙonni. Abokin aikina Mumuni ya daɗe yana min zancen wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda mutum ke gwada magana da ita kafin ya tunkari wanda ya ɓata wa rai. Na sha yi masa dariya. Ranar dai na buɗe ta.

Na ba ta labarinmu, na ce ta kwaikwayi matata. Na rubuta, "Rabin raina, sai haƙuri." Ta ce wannan daga bakin kowa ta ji shi. Na kawo zancen ƙaddara, ta ce rufe maganar nake yi. Can ta ajiye kwaikwayon ta tambaye ni sunan yarinyar, wai sau bakwai na ambace ta ba suna.

Na bayyana mata ba ma kiran sunan ɗiyar fari, balle sunan mahaifiyata aka sa mata. Ta ce na fi ta sanin al'adarmu, amma a ina aka bar wa matata wurin yin kuka?

Na rufe manhajar. Ɗakinmu kaɗai ne kunya ba ta bin Zulaiha, kuma a can ni na hana ta kuka.

Da na koma gida, na tarar da ita zaune bakin gado. Na durƙusa gabanta.

"Zulaiha... ni ma ina kewar Hafsat."

Ta zuba min ido.

"Sake hwaɗi."

"Hafsat."

"Ta hwara cewa Baba, kana shago... ban samu gaya maka ba."

Kukan wata biyu ya ƙwace mata. Na tura ƙofa don kada Inna ta ji, na dawo na riƙe ta, hawayena na zuba kan ɗankwalinta. Na ce ta yafe min, na sake cewa.

Da ƙyar ta ɗago kai.

"Da ka hwaɗi haka tun tuni, ina za ni, Baban Hafsat?"