Shaidar 'Yan Majalisa

"A mayar musu da kayansu."

Ludayin da ke hannun Nasiha ya suɓuce cikin tukunyar kunu. Baffa Ishiyaku, ƙanin marigayi mahaifinta kuma waliyyinta, ko zama bai yi ba. Dawowarsa Gwaram ke nan daga Birnin Kudu, inda ya je binciken Hadi, direban motar hatsin da ke neman aurenta.

"Baffa... me ya yi?"

"Abokansa na tambaya, ba maƙiyansa ba. Na same su a majalisarsu, gindin darbejiya kusa da tasha. Wani Ɗanladi ya ce marowaci ne, da rake gaɓa ɗaya yake zuwa Kano, ya dawo da saura. Wani ya ce matsoraci ne, tunkiya ta taɓa kora shi a Kiyako har ya haye kan mota. Suka ce minsharinsa ya fi salansar motarsa ƙara. Suna faɗa suna tafawa."

Inna ta ce a hankali, "Baffansu, anya ba wasa suke ba?"

"Wasa da maganar aure? A gaban furfurata?"

Nasiha ta shige ɗaki, ta kira Hadi a waya.

"Sanyin idona..."

"Ajiye wannan tukuna. Da gaske tunkiya ta kore ka?"

Hadi ya yi gyaran murya.

"Rago ne. Kuma ƙahonsa ya yi tsawon hannuna."

"Raken fa?"

"Tsada ya yi a shekarar."

Ta zauna a bakin gado. So take ya musa. Da ya musa, da ta san abin da za ta yi kuka a kai.

Hadi ya yi mata bayani. Haka majalisarsu take tun suna yara: kullum da wanda za a ɗora a faifai, a yi masa tas, shi ma yana dariya. Wanda ba a zolaya, ba nasu ba ne. Kuma ba su san ko wane ne Baffa ba. Zulfa, mai sayar da abinci a tasha, wadda ta daɗe tana ƙara wa Hadi nama a kwano ba tare da ya tambaya ba, ita ta nuna wa Baffa wurin. Sannan ta riga shi zuwa ta raɗa wa Ɗanladi cewa tsohon nan kakan Hadi ne daga Yalwan Damai, mai son wasa da jika, su ba shi dariya.

"To waɗanda suka zage ka su ne masoyanka, wadda ke ƙara maka nama ita ce ta kashe maka aure?"

"Haka ne, masoyiyata."

"Ni ban gane komai ba, Hadi."

Ta kashe wayar.

Samarin yanzu ba su san inda ake tsayar da harshe ba, shi ya sa gyaransu ma ɓarna ne. Ranar Juma'a sai ga su Ɗanladi a Gwaram cikin manyan riguna, sun zo wanke abokinsu. Nasiha ta laɓe a bayan zaure.

"Baba, Hadi ba ya cin abinci sai ya ga kowa ya ƙoshi," in ji Ɗanladi.

"Tsoro kuwa bai san shi ba," wani ya ƙara. "Ko zaki ne..."

Baffa ya ɗaga hannu.

"Rannan marowaci, yau waliyyi. Ɗaya daga ciki ƙarya ce. Ko wacce ce, abokansa maƙaryata ne, kuma mutum da abokansa ake gane shi."



Nasiha ta dafa bango. Wane Hadin take so? Wanda rago ya kora, ko wannan da ba ya tsoron zaki, wanda ita ma ba ta taɓa gani ba? Ta sake bin zagin farko ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda ya fi muni don ta haƙura da shi. Rake. Rago. Minshari.

Ta nema, ta sake nema. Shi ke nan?

Ta yi sallama ta shiga, ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baffa, ka gafarce ni. Rannan da suka ɗauka kai kakansa ne, sun ɓoye maka wani abu?"

"Ɓoyewa? Har gasa suke wa zai fi tona shi."

"Tun suna yara suke tare. Sun zazzage duk abin da suka sani... iyakar abin da suka samu ke nan?"

Baffa ya dube ta. Sannan ya juya ga Ɗanladi.

"Kai, mai baki. Bar mini waliyyin nan, ban yarda da shi ba. Sallarsa fa? Mata? Shaye-shaye? Yadda yake da mahaifiyarsa?"

Ɗanladi ya sosa ƙeya. Karon farko fuskarsa babu dariya.

"Baba, a nan ba mu da abin faɗa. Wallahi mun nema."

"Raken fa?"

"Wannan kam gaskiya ne."

Baffa ya kawar da kai yana danne dariya, gemunsa na motsi.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Zulfa ba ta zo ba, ba a kuma neme ta ba. Da aka shafa fatiha, Baffa Ishiyaku ya sa hannu a aljihu a gaban jama'a, ya miƙa wa ango rake gaɓa ɗaya.

"Guzurin Kano. A dawo mini da saura."

Da yamma abokan ango suka zo sayen baki. Ɗanladi ya dubi amarya cikin lulluɓi ya girgiza kai.

"Allah sarki. Duk mazan Jigawa, ta zaɓi wanda tunkiya ta kora."

Nasiha ta rasa ko fushi ake yi a nan ko godiya. Ta saci kallon Hadi, ta ga bakinsa har kunne don murna.

Ta ɗan ɗaga mayafin.

"Rago ne," ta ce. "Kuma mai ƙaho."