Rodin Baranda

A laburare Dogo ya fara ganin Auta, ta rungume littafin amsoshin lissafin kankare kamar za a ƙwace mata.

"'Yan mata, ajin duka littafin nan muke jira."

"Sai ku yi ta jira," ta ce, tana danne dariya.

Kafin zango ya ƙare tare suke karatu. Shi sai ya sha wahalar lissafi kafin ya duba amsa, ita kuwa amsar take fara dubawa.

Da maganar aure ta taso, babanta bai so zancen ba. "Ɗalibin da ko bulo ɗaya bai mallaka ba?" Da ƙyar ya yarda Dogo ya zo gaisuwa a sabon benen da yake ginawa.

Cikin alfahari Baba ya nuna masa barandar sama, wadda ta miƙo waje babu ginshiƙi. "Auta ce ta zana. Gobe za a zuba kankare."

Dogo ya duba. An shimfiɗa rodin ta yadda zai zauna a ƙasan kankaren. Baranda marar ginshiƙi kuwa daga sama take tsagewa, can ya kamata rodi ya zauna. Ya gane misalin da ta kwafa, na bim ne, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙi biyu.

In ya yi shiru, aure na nan. In ya yi magana, ya kunyata ta gaban mahaifinta. Ga motar yashi har ta iso.

"Baba, kada a zuba. Za ta rufto."

"Me ka ce?" Auta ta zaro ido.

"Fita min daga gida!" in ji Baba.

Da yamma saƙon Dogo ya shigo wayar Auta: "Injiniyata, ki tsane ni in kin so. Amma ki ajiye littafin, ki yi lissafin da kanki."

Ta yi, tana huci. Can biro ya suɓuce mata.

"Innalillahi! Baba, gaskiyarsa ne. A nan jikokinka za su riƙa wasa!"

Baba ya zauna a kan buhun siminti.

"Ya san zan kore shi?"

"Ya sani."

"Kira min shi. Ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun Dogo. "Ko ni na karkace, ɗana, ka faɗa min. Allah Ya yi muku albarka."