Amsar da Ta Riga Guduma

Da almuru Injiniya ta koma rumfar gyaran jirage don ta kashe bargon zafi. Da rana ta shimfiɗa shi a kan facin da ta yi wa wutsiyar wani jirgi, domin gam ya bushe. Aiki ne na shiga-ka-fito.

Jirgin ba na ƙarfe ba ne. Zaren kabon ne falle-falle, an manne da gam, cikinsa kamar saƙar zuma. Irin wannan ba ya nuna ciwonsa a ido. Sai an bi shi da 'yar guduma ana saurare. In ya ce ƙwas, lafiya. In ya ce bus, falle ya rabu, akwai rami.

Ɗazu ta bi fiffiken dama kaf, ƙwas ko'ina. Manaja ya washe baki.

"To, likitar jirage, kin sallami majinyacin? Gobe da safe zai kwashi fasinja maƙil."

"Na sallami fiffiken, Yallaɓai," ta ce, ta sa hannu.

Yanzu rumfar ba kowa. Warin gam da na man jirgi. Kwanon rufi yana ƙas-ƙas, yana huce zafin rana. Ta kashe bargon, ta juyo ta ƙarƙashin fiffiken. Sabo turken wawa: ta zaro guduma daga aljihu ta ƙwanƙwasa.

Ƙwas.

Ta matsa gaba. Ƙwas.

Ta sake ɗaga hannu, sai sauro ya cije ta a wuya. Hannun ya tsaya a iska.

Ƙwas.

Guduma ba ta taɓa komai ba.

 Ta sake ɗaga gudumar, ta tsaya da gangan.

Ƙwas. Daga ciki.

Ashe tun rana ba fiffiken ke amsa mata ba.

"Lafiya lau ne, 'yata," aka raɗa daga cikin fiffiken. Muryar kamar ta tsohuwa a cikin tulu. "Kin riga kin sa hannu. Tafi gida."

Ƙafafunta suka ce ta gudu. Ta tuna kujerun da ke sama, har da na jarirai.

"Su wane ne ku?"

"Mun daɗe a nan. Mun share ɗaki. Gobe za mu hau sama."

"In sama kuke so, kuna da naku fiffiken," ta ce. "Wannan na mutane ne."

Fitilu suka dushe. Babbar ƙofa ta fara saukowa da kanta.

Ta zaro jan alƙalami za ta zagaye wurin. Wani sanyi ya damƙe wuyan hannunta. Yatsu ne, dogaye. Alƙalamin ya faɗi.

Ta gane ko ta yi alamar, kafin safiya an goge.

Ta yi bisimilla. Da hannun hagu ta juya ƙotar guduma mai tsini, ta kafta wa fiffiken da iya ƙarfinta.

Bus.

Fatar fiffiken ta fashe kamar ƙwan da ya ruɓe. Iska mai zafi ta feso mata a kunne, da ƙara irin ta mutane masu yawa. Aka sake ta.

Ta ruga. Ta mirgina ta ƙarƙashin ƙofa. Ƙarfe ya datse bakin mayafinta.

Da safe aka buɗe fiffiken. Rami ne mai faɗin tabarma, an kwashe saƙar tas, da sawun farce a bangonsa. Masana suka ce da jirgin ya tashi, da bai sauka ba.

Me kamfanin ya yi? Ya dakatar da ita, wai ta ɓata kaya da gangan bayan ta sa hannu. Manaja ya ce gajiya ce ta sa ta jin muryoyi. To, gajiya ce ta kwashe saƙar? Ko a ajin yara ba a dukan wanda ya gyara amsarsa kafin a karɓi takarda. Kamata ya yi a mayar da ita bakin aikinta, a ba ta haƙuri a gaban waɗanda suka ga an kunyata ta.

Kunnenta na hagu ya mutu tun daren nan. Ba ta nemi afuwar kowa ba. Waɗanda ta koya wa aiki kuwa sun canza salo: kowa sai ya ɗaga guduma, ya tsaya a iska, ya saurara tukuna.