Kwalbar Maɗin da Ta Dawo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko magana a gaban mutane nauyi take yi mini. Amma abin ya ƙi barin ƙirjina.

Ina tsakar gida ina tsince ɗinya Bushra ta yi sallama. 'Yar baffan saurayina Uwais ce, wadda Hajiyarsa ta fi so ya aura. Tun daga Gashua ta zo Nguru, ta dire wata kwalba a gabana.

"Fanne, Yaya Uwais ya dawo daga Romaniya. Ya ce a maido miki kayanki."

Kwalbata ce!

Har ƙyallen atamfar da na ɗaure murfin da shi yana nan. Ranar da zai tafi karatun likita na cika masa ita da maɗin ɗinya, wanda na wuni ina juyawa a kan wuta. Ga shi ta dawo cike da maɗi baƙi ƙirin, kamar ko yatsa bai saka ba.

"Ai kin san ciki in ya saba da abincin Turawa..." Ta yi dariya. "Ke ma ki yi haƙuri. Likita da 'yar aji uku?"



Na kashe wayata, na tura kwalbar ƙarƙashin gado. Kullum in na durƙusa shara sai mun haɗa ido da ita. In tuna muryarsa a zaurenmu:

"Fannena, in sanyi ya dame ni, wannan zan lasa in ji ɗumin Nguru."

Ashe daɗin baki ne?

Ran Juma'a bayan la'asar Kakata ta zaro ta da sandarta.

"Ke, mijin nawa ya gudu, maɗin ma a bar wa tururuwa?"

"Kaka, don Allah ki zubar..."

"A zubar da abinci? Ba a gidan nan ba!"

Ta buɗe, ta lakata, ta yamutsa fuska.

"Wannan ba hannunki ba ne, 'yar nan. Da tsami-tsami. Ba ɗinya ba ce."

Ni ma na lasa. Kauri ne da shi, ga ƙamshin hayaƙi, ga wani zaƙi da ban sani ba.

Ina kunna waya kiransa ya shigo.

"Haba Fannena! Me na yi miki?"

"Ka... ka maido mini kwalbata."

"To a garinku kwano fanko ake mayarwa?"

Na toshe bakina da mayafi.

"Naki da tsinke na riƙa ɗiba don kada ya ƙare," in ji shi. "Da ya ƙare na wanke kwalbar na ajiye kusa da litattafaina. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta gan ni ina kallonta. Su can suna da wani ɗan itace mai kama da ɗinya. Su dafa shi a babbar tukunya, su wuni suna juyawa, ba sukari, kamar yadda kike yi. Majun suke ce masa. Ita ta cika mini, ta ce in kai wa mai kwalbar."

"Bushra ta ce..."

"Hajiya ce ta aike ta, ban sani ba sai da ta tafi. Mun yi magana da Hajiya, masoyiya. Ta ce tana so ta ɗanɗana maɗin da ya hana ɗanta ganin kowa."

Kaka ta fizge wayar. "Ka gaya mata ta tanadi cokali!"

Washegari da sassafe na juye majun ɗin a kwanon Kaka, na wanke kwalbar, na kife ta a rana. Na hura wuta, na ɗora ɗinya, na ɗauki muciya.